Tulu Mai Ɗigo Biyu

Aikin da aka ɗauke ni ba shi da wuyar faɗi. In zauna hagu da wanda ya zo gwaji, in karanta masa umarnin da ke takarda yadda aka rubuta shi, sannan in aza hannuwana bisa gwiwa in yi shiru har wayar ta gama. Ba gyaɗa kai, ba gyaran murya, kuma kada fuskata ta nuna an dace ko an kuskure. Malam Musaddiq, wanda jami'a ta turo da wayoyin, ya ce cikin mata shida da suka nemi aikin ni kaɗai na karanta takardar ban ƙara mata gishiri ba.

Ɗaki ɗaya aka ba mu a bayan wani ƙaramin asibiti a Goronyo. Taga ɗaya gare shi, tana kallon wata bishiyar dogon yaro da aka ajiye benci a gindinta don masu jira.

Gwajin kuwa ga yadda yake. Fuskar wayar za ta cika da hotunan tuluna, layi-layi, kowane tulu da ɗigo a cikinsa: wani ɗaya, wani biyu, wani uku. Sai mutum ya riƙa taɓa masu ɗigo biyu da sauri, ya bar sauran. Duk tulun da ya taɓa sai ya ɓace. Kafin ya gama shafi wani ya ture shi, har shafi goma sha biyu, minti shida ke nan. A ƙarshe wayar ta fito da launi, kore ko ɗorawa ko ja. Bayan nan a ba shi irin tulunan a takarda ya soke masu ɗigo biyu da fensir. In an yi mako biyu ya dawo ya sake na waya.

Musaddiq ba ya gajiya da faɗa wa mutane cewa ba su ake aunawa ba, wayar ce ake gwadawa. In abin da ta faɗa ya zo ɗaya da na takarda, kuma abin da ta faɗa yau ya zo ɗaya da na bayan mako biyu, to sai likitoci su fara yarda da ita wajen duba yadda mutum ke tsayar da hankalinsa kan abu ɗaya ya ƙyale na gefe. Kafin nan, in ji shi, maganarta ba shaida ba ce. Mutane su ce to. Amma ba mu yi kwana huɗu ba gari ya ɗauka an kawo wayar auna hankali. Samarin da suka samu kore suna zuwa wurin mai shayi suna buga ƙirji, wanda ya samu ɗorawa kuwa ya sha tsiya, har wani mai faci aka laƙaba masa Ruwan Ɗorawa, yana zagi ana ƙara kiransa.

Na san Turai tun kafin aikin nan, a rumfar tsintar shinkafa da ke bayan inji. Can mata ke wuni da faifai bisa cinya suna fitar da tsakuwa da baƙar ƙwaya kafin a kai shinkafa kasuwa. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Gandi, a ƙasar Rabah. Bara da damina ɓarayin daji suka shiga musu, suka kashe mijinta Mode a bakin rumbunsa, suka tafi da ita cikin mata tara. Kwana arba'in da bakwai ta yi a hannunsu. Ta tafi da ciki, ta dawo ba shi, kuma ba wanda ya tambaye ta. Ɗiyarta ɗaya ce, Raihana, mai shekara biyar. Ranar da abin ya faru wata maƙwabciya ce ta gudu da yarinyar cikin gero, daga baya wan Mode, Attahiru, mai sayar da albasa a Wurno, ya je ya ɗauko ta. Da aka karɓo Turai ta sauka wurin wata tsohuwa, ƙanwar uwarta, a Goronyo, shi da kansa ya kawo mata ɗiyarta.

Wata takwas ke nan. A cikinsu Turai ta ƙona tukunya sau biyu tana zaune gaban murhu idonta biyu. Ran nan kuma ta tashi daga rumfa ta tafi gida ta bar Raihana tana barci bayan buhuna, ba ta tuna ba sai da aka kira magariba. Yarinyar ba abin da ya same ta, amma labari ya kai Wurno. Attahiru ya zo ya zauna a zaure ya faɗa wa tsohuwar cewa abin da ya rage masa na ƙanensa ke nan a duniya, zai tafi da ita ya riƙe, uwar ta samu ta huta har hankalinta ya dawo.

Turai ba ta da bakin cewa a'a. Raihana ɗiyar fari ce, ko sunanta ba ta faɗa, sai dai ta ce yarinyar ga. Macen da za ta tsaya ja-in-ja da wan mijinta kan ɗiyar fari, gari ba zai manta mata ba. Don haka daga bayan ƙyaure ta aiko da magana, ta ce ta ji an kawo wayar da ke auna hankali a asibiti. A je a auna ta yana wurin. In kore ya fito a bar mata yarinyar, in wani abu ne daban ya tafi da ita, ba za ta ce uffan ba. Attahiru ya ce ya yarda.

Ana gobe za su zo na bi ta rumfa, ita ta faɗa mini duk wannan, idonta na kan faifai, yatsanta na aiki. Na ce mata wayar nan ba alƙali ba ce, ita ma gwada ta ake yi.

"Gwaggo Laraba," ta ce, "ni da ke raba tsakuwa da shinkafa tun hantsi har la'asar? Kwanon da na tsince ba a taɓa maido mani shi ba."

Na faɗa sau ɗaya, na bari. Na ga yadda ta samu abin dafawa, ban iya janye shi ba.

Ranar Talata suka zo. Attahiru dogo ne, gemunsa ya fara furfura, rigarsa wankakkiya amma ƙanshin albasa bai bar ta ba. Ya gaishe mu a natse. Musaddiq bai san da alkawarin ba, ya dai ce masu rakiya waje suke jira. Attahiru ya zauna a benci, tagar a buɗe, tsakaninsa da mu bai wuce taku uku ba.

Na karanta wa Turai umarni: "Za ki ga tuluna. Waɗanda ake so su ne masu ɗigo biyu. Ki taɓa masu ɗigo biyu kaɗai, da sauri gwargwadon iyawarki, ki bar sauran." Na maimaita, don haka takarda ta ce. Sai shafin koyo ya fito, tulu uku a jere. Ta kai yatsa kan mai ɗigo biyu, ya ɓace. Ta janye hannu da sauri kamar wadda ta fasa kayan mutane, ta dube ni. Fuskata ba ta ba ta komai ba. Ta sake duban wayar, ta ce "au" a hankali, ta gyara zama.

Mutum tamanin da wani abu na zauna gefensu kafin ita, ban ga hannu irin nata ba. Ta kwantar da wayar bisa cinya, ta ɗan karkata ta yadda ake karkata faifai, yatsanta na tsakiya yana tafiya yana ɗan turawa waje. Masu ɗigo ɗaya suna ɓacewa, masu uku suna ɓacewa. Kafin lokacin shafi ya cika ta gama, masu ɗigo biyu kaɗai suka rage a tsaye, tsaf, ta ɗaga yatsa tana jiran na gaba. An ce mata su ake so, ta kuma ga taɓawa na kawar da abu. Ita kuwa a duk rayuwarta abin zubarwa ake kai wa yatsa, abin da ake so a faifai ake barinsa.

Tun shafi na biyu na gane. Musaddiq na can kan tebur yana cike takardu, ya ba mu baya. Kalma uku za ta isa. Na ji su a bakina, na dubi bayan Musaddiq, na tuna abin da aka ɗauke ni in yi. Hannuwana suka zauna inda aka ce su zauna har shafi na goma sha biyu ya wuce.

Wayar takan ɗan yi jinkiri kafin ta fito da launi. Turai ba ta jira ba. Tuluna na ƙarewa ta miƙe, ta je taga, ta sunkuyar da kai ta miƙa wa Attahiru wayar da hannu biyu, fuskar wayar na kallonsa. A fuskarsa ta fara karanta abin. Ya daɗe yana dubawa.

"Turai," ya ce, "ja na."

Ta juyo da wayar ta duba.

Musaddiq ya taso ya karɓe wayar, a nan ya ji labarin alkawari. Ya fara bayani yana haɗa kalmomi, Attahiru ya ɗaga masa hannu, ya ce ya ji akwai na takarda, a bari ta yi, kada a ce inji ya zalunce ta.

Na ja Musaddiq kusurwar ɗaki na faɗa masa abin da na gani. Na roƙe shi ya bar ni in nuna mata da tsakuwa da wake kafin a ba ta takarda. Ya murza goshi. Sannan ya ce mutum tamanin sun ji kalmomin nan iri ɗaya, in aka canza wa mutum ɗaya tsakanin waya da takarda to an ɓata duka biyun, kuma Dokta da ke Sakkwato, shugabar aikin, kan wannan ta fi ja masa kunne. Ya ce ai a takarda ba abin da ke ɓacewa, za ta gane da kanta.

Na koma na zauna hagunta, na karanta mata kalmomin nan dai, sai dai inda aka ce taɓa yanzu an ce soke. Ta riƙe fensir kamar tsinken sakace. Ta dubi tulunan, ta fara soke masu ɗaya da masu uku. Wa ke jan layi ya ɓata abin da ake so?

Musaddiq yana da wata farar roba mai huji-huji da yake azawa bisa takarda, kowane huji na faɗawa daidai kan tulu mai ɗigo biyu. Ya aza. Ta kowane huji tulu ne ke leƙowa fes, ba alamar fensir ko ɗaya.

Muka fita gindin dogon yaro. Musaddiq ya durƙusa, ya ce wallahi wannan ba hukunci ba ne, wayar ma ba a gama sanin gaskiyarta ba.

"To takardar hwa?" in ji Attahiru. "Ita ma ba ku gama saninta ba?"

Ai Musaddiq da bakinsa ya faɗa ɗazu cewa takardar tsohuwa ce, da ita ake auna wayar.

Sai na yi magana. Na ce masa tsinta ta yi, irin ta shinkafa, ta kawar da tsakuwa ta bar tsaba, kuma ko ɗaya ba ta ruɗe ba. Ya saurare ni har na kai aya, bai katse ni ba.

"Hajiya, na ji ki da kunnena ta tagar ga," ya ce. "Sau biyu kinka ce ta taɓa masu biyu. Da Hausa kinka faɗa, ba da Turanci ba. Tab bar su tat taɓa wasu. To ni mi nic ce tun farko? Yau tulun waya na. Gobe maganin yarinya na, a ce ki ba ta wanga ki bar wancan."

Ya ce zai dawo ranar Juma'a bayan masallaci, a wanke wa yarinyar kayanta.

Washegari Musaddiq ya buɗe aikin Turai a na'urarsa ya juya lissafin, ya ɗauki abin da ta taɓa a matsayin wanda ta bari. Cikin tulu sama da ɗari huɗu uku kaɗai ta kuskure, kuma ba wanda ya kai ta sauri cikin duk waɗanda muka gwada. Ya koma kan sauran masu ja, ya tarar da mata biyar da suka yi irin nata, huɗu daga rumfar shinkafa, ɗaya mai tsintar wake. Su dariya suka yi ranar suka tafi, don ba abin da suka jingina da wayar.

Ya kira Dokta ina zaune. Na ji muryarta ta ɗaga don murna, ta ce wannan babban abu ne suka gano, irinsa ake fitowa nema. Za a gyara wayar, tulun da aka taɓa ya daina ɓacewa, a zagaye shi da zobe. Matan shida kuwa a cire su daga ƙidaya. Musaddiq ya tambaye ta ko zai iya rubuta wa Attahiru takarda da hatimin aikin cewa hankalin Turai lafiya lau. Ta ce a'a, aikin ba shi da hurumin ba kowa shaidar hankali, ja ko kore. Ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai, kuma na yarda da gaske take. Da ya kashe waya ya ce in shirya, ranar Litinin za mu Wurno.

Ranar Juma'a ban je gidan ba. Tsohuwar ce ta ba ni labari. Turai ta ninke kayan yarinyar ta ɗaure a zane, ta sa mata ƙuli-ƙuli a leda, ta shige ɗaki tun kafin a sauko masallaci. Ba ta fito rakiya ba, kuma kowa ya yaba da kararta.

A Wurno mun iske Attahiru a inda yake ajiyar albasa, ya baje tsibi guda a inuwa yana juyawa. Ya sa aka kawo mana ruwa, bai daina aikinsa ba. Musaddiq ya yi masa bayanin lissafin da ya juya, da matan nan biyar. Attahiru na ji yana jefa albasa gefe ɗaya-ɗaya. Can Musaddiq ya tsaya, ya ce, "Baba, tun da munka zo wace kake kai wa hannu, mai kyau ko ruɓaɓɓiya?"

Attahiru ya dubi abin da ke hannunsa. Ruɓaɓɓiya ce, har tana ruwa. Ya yi 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba.

"Kai ɗan ga, lauya kake ko malamin waya?"

Ya jefar da ita, ya goge hannu a buhu. Ya ce shi ba kwaɗayin ɗiya yake ba, yana da bakwai suna cinye shi. Amana ce ta wanda ke kabari. Ranar da aka manta yarinyar bayan buhuna ba waya ce ta manta ta ba. Amma tun da an ce akwai komawa ranar cikon mako biyu, to a koya wa Turai yadda duk aka ga dama, zai zo ya gani da idonsa. Magana tana nan yadda ita ta yanka ta: in kore ne, ya bar mata.

Da muka dawo Turai ta tambaye ni ko hanya da kyau. Abin da ta tambaya ke nan. Ni na faɗa mata, ba ta nema ba, cewa na ga yarinyar tana wasa da 'yan'uwanta, an yi mata sabon kitso.

Tun da an cire ta daga ƙidaya, doka ta sake ni. Kullum bayan mun tashi sai in bi ta rumfa, in zuba mata shinkafa da tsakuwa a faifai in ce yau shinkafar za ki tsince ki bar tsakuwa. Matan rumfa suka samu abin yi. Wata ta ce Turai ta koma kaza, tsaba take ci ta bar wa mai gida dutse. Wata ta ce in haka bokon yake, a bar su da jahilcinsu su ci tuwo ba ƙas-ƙas. Turai dai na kan faifanta. Kanta ya gane tun ranar farko, hannun ne ke gardama. Da ta ɗan yi sauri sai yatsan ya koma kan tsakuwa da kansa, ta tsaya ta dube shi kamar ba nata ba. Ta rame a kwanakin, tsohuwar ta ce tuwonta na kwana a kwano. Ana saura kwana biyu Musaddiq ya ba ta wayar ta gwada, mu uku a ɗaki. Kore ya fito. Ta sake, kore ya sake fitowa. Ta goge fuskar wayar da gefen mayafinta kafin ta miƙa masa.

Ranar cikon mako biyu Attahiru ya iso da hantsi. Ba shi kaɗai ba. Yana riƙe da hannun Raihana, a ɗaya hannun kuma ƙunshin kayanta, cikin zanen da uwar ta ɗaure su. Ya ce shi ba mai magana biyu ba ne, in kore ya fito nan zai bar ta ya koma shi kaɗai.

Kwana goma sha ɗaya rabon Turai da ita. Yarinyar ta ƙwace ta ruga ta rungume ƙafafun uwar, ta cusa fuska a zanenta. Turai ta aza hannu bisa kanta, ta bar shi nan kaɗan, sannan ta ɗan tura ta, ta ce ta tafi wurin Baffanta. Muka shiga. Na kai hannu zan rufe taga, Attahiru ya ce a bar ta yadda take wancan karon, yana so ya gani.

Shafi huɗu na farko ba abin da za a ce. Yatsan na faɗa wa masu ɗigo biyu kamar kan su aka haife shi. A shafi na biyar sai aka yi tari a waje.

Busasshen tari ne, mai tsawo, mai ɗan fito a ƙarshensa. Muka ji muryar Attahiru yana cewa ta sha ruwa. Yatsan Turai ya tsaya a sama. Ba ta waiwaya ba, wuyanta ya sanƙare, idonta na kan wayar amma ba ta ganin ta. Shafin ya cika lokacinsa ya wuce da tulunansa. Ta farga, ta ci gaba, sai hannun ya zame ya koma tsohuwar hanya, ya kwashe masu ɗaya da masu uku har rabin shafi kafin ta kama shi. Ta ciji leɓe ta gyara. Tarin ya dawo, wannan karon har da ƙaƙarin amai. Na ga ƙafarta ta motsa za ta tashi, ta danne ta da gwiwar hannu. Wayar ba ta da wurin tsayarwa, in ta fara sai ta ƙare.

"Baffa, Inna ta gama?" in ji yarinyar.

"Saura kaɗan."

Shafi huɗu na ƙarshe Turai ta yi su da saurin da ban taɓa gani ba, numfashinta na fita ta baki. Da tuluna suka ƙare ba ta tashi ba. Muka zauna mu uku muna kallon wayar a cinyarta. Ɗorawa ya fito.

Musaddiq ya fita da wayar. Ya ce wa Attahiru shekaranjiya sau biyu ta samu kore, ga ni shaida. Ya roƙe shi a sake, a kai yarinyar cikin asibiti inda uwar ba za ta ji ta ba, minti shida kawai. Attahiru ya waiwaya. Ya dubi Raihana tana zane da tsinke a ƙasa, ya dubi ƙunshin kaya a kan benci. Na ɗauka zai yarda.

"In kunka kai ta nesa," ya ce, "to kun auna ta ba ɗiya. Ni kuwa da ɗiya za ni bar ta. Gida kullum da tari, da kuka, da wuta a murhu."

Na ce masa uwar da ba ta ji tarin nan ba ita ce abin tsoro. Ya ce haka ne, Hajiya, bai musa ba. Amma ji daban, riƙo daban, kuma yarinya ba buhun albasa ba ce da za a yi ta kai ta ana dawowa da ita duk mako biyu.

Daga cikin ɗaki Turai ta yi magana, ba ta leƙo ba.

"A bar shi, Malam Musaddiq. Ni nac ce kore."

Attahiru ya ce in kaka ta yi za a sake zama, kuma Wurno ba nisa, ƙofarsa a buɗe take duk ranar da ta so. Turai ta fito ta tsaya bakin ƙofa tana kallon ƙasa. Ta tambaya tun yaushe ake tarin. Ya ce kwana shida, an sayo magani, yana sauƙi. Ta ce, kamar da bishiyar take magana, yarinyar ga ba a yi mata wanka da ruwan sanyi da marece, ƙirjin ubanta ta ɗauko.

Motar Wurno ba ta cika ba tukuna. Attahiru ya ce zai je ya yi azahar ya ga wani dillalin albasa, ya bar Raihana wurinmu. Musaddiq ya sallami sauran masu jira ya ce su dawo gobe, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Turai ta zauna a benci, ta zaunar da yarinyar tsakanin ƙafafunta, ta cire mata ɗankwali. Ta dubi kitson da aka yi mata a Wurno, ta ce an ja shi da yawa, ga goshi har ya yi ƙuraje. Ta ari tsinke da mataji wurin wata ma'aikaciyar asibiti, ta tsefe kan duka, ta fara sabo daga dama, ƙanana, a hankali. Raihana na ba ta labarin wata akuya da ta haihu uku a gidan Baffa, da yadda wani ɗan'uwanta ya faɗa kwata. Turai na cewa uhm. In tarin ya taso sai ta tsaya ta dafa mata ƙirji har ya lafa, sannan ta ci gaba. Ni ina gefe ina riƙe da mataji.

Ba ta kai rabi da kyau ba Attahiru ya dawo da sauri. Ya ce mota ta cika, direba ya ce ba ya bin hanyar nan bayan la'asar ko don wa. Turai ta ƙarasa layin da ke hannunta, ta tattara sauran gashin ta murɗe shi, ta ɗaura wa yarinyar ɗankwali ta rufe. Ta miƙar da ita, ta kakkaɓe mata riga, ta ɗauki ƙunshin kayan ta miƙa wa Attahiru da hannu biyu.

Ya kama hannun Raihana sun juya, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, a faɗa wa matarsa ɓangaren hagu ne ya rage, kuma kada a ja shi sosai.